Gida, Bashi da Maƙwabtaka: Nazarin Rayuwar Iyali a Unguwannin Bayan Gari na Amurka, 1945 zuwa 1960

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar yau da kullum ta iyalan da suka tare a sababbin unguwannin bayan gari na Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka ɗauki Levittown a matsayin abin nazari. Hujjar maƙalar ita ce, iyalin miji da mata da 'ya'yansu kaɗai, wanda ake ɗauka tsohuwar al'adar Amurkawa ce, ya samu siffarsa ta wancan zamani ne daga bashin da gwamnati ta tsaya wa, da fasalin ginin gida, da dokokin unguwa.

Gabatarwa

Sojojin da suka dawo daga fagen fama a 1945 sun tarar da ƙarancin muhalli, domin gini ya yi ƙasa ƙwarai tun shekarun karayar tattalin arziki. Jackson (1985) ya nuna cewa a 1947 iyalai kusan miliyan 6 ne ke raɓe a gidajen dangi ko abokai. Duk da haka aure bai tsaya ba. A 1956 matsakaicin shekarun auren fari ya sauko zuwa 20 ga mata da 22 da rabi ga maza, a 1957 kuma aka haifi jarirai kimanin miliyan 4.3.

Hukumar lamunin gidaje ta tarayya, wadda aka kafa a 1934, da dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944, su suka buɗe ƙofa. Gwamnati ta tsaya wa mai karɓar bashi a gaban banki, aka shimfiɗa biya har zuwa shekara 30, tsohon soja kuma yana iya shiga gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a matsayin kafin alƙalami. Masu mallakar gida sun ƙaru daga kusan kashi 44 cikin ɗari a 1940 zuwa kusan kashi 62 a 1960.

Gidan da abin da ya tsara

Daga 1947 zuwa 1951 kamfanin Levitt and Sons ya gina gidaje 17,447 a gonakin dankalin turawa na Long Island, a jihar New York, unguwar da aka sa wa suna Levittown. An karkasa aikin zuwa matakai 27: masu zuba kankare su wuce, kafintoci su biyo, masu fenti su rufe baya, kowace ƙungiya da aikinta guda daga fili zuwa fili. Gidan da aka fitar a 1949 an sayar da shi dala 7,990.

Fasalin gidan ya fi farashinsa muhimmanci ga wannan nazari. Ɗakunan kwana biyu ne, da falo, da kicin, da banɗaki ɗaya, sai sarari a ƙarƙashin rufi da aka bari ba a ƙarasa ba, don mai gida ya mayar da shi ɗaki idan 'ya'ya sun ƙaru. Babu wurin kaka, babu na ƙanen miji ko ɗan riƙo. Ga iyalan da yawancinsu suka fito daga Brooklyn da Bronx da Queens na birnin New York, inda uwa da 'yarta kan zauna a titi ɗaya, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Kicin yana ta gaban gida, tagarsa na kallon titi, yadda uwa za ta iya girki idonta na kan yara. An sa firji da murhun lantarki da injin wanki na Bendix cikin kuɗin gidan, a samfurin 1950 har da talabijin a jikin bango. Wato kayan ɗaki ma bashi ne na shekara 30.

Dokokin unguwa sun shiga har cikin tsarin mako. An hana kafa shinge, an wajabta yanke ciyawar ƙofar gida kowane mako a lokacin da take tsiro, an kuma hana shanya a waje ranakun hutun ƙarshen mako. Da safe miji ya kama hanyar aiki a mota ko jirgin ƙasa, sau da yawa da motar gidan guda ɗaya, unguwa ta zama ta mata da ƙananan yara har magariba.

Maƙwabci a gurbin dangi

A nan masana suka rabu. Whyte (1956), wanda ya yi nazarin Park Forest a kusa da Chicago, ya lura cewa abota tana bin tsarin gini: waɗanda hanyoyin shigar motarsu ke manne da juna, ko yaransu ke wasa a fili ɗaya, su ke zama aminai. Ya ga matsin lamba a ciki, kowa na gudun ya fita daban. Friedan (1963) ta ɗora a kan haka da bayanin ƙuncin matar aure mai ilimi da aka taƙaita ga raino da goge-goge.

Gans (1967) bai tsaya daga nesa ba. Ya sayi gida a wata Levittown, ta jihar New Jersey, a 1958, ya zauna shekara biyu. Abin da ya samu shi ne yawancin mazauna sun gamsu da rayuwarsu, sun kafa coci-coci da ƙungiyoyi, suna kuma jayayya mai zafi kan harajin makaranta. Waɗanda suka fi kokawa su ne matasa, da ba su da wurin zuwa sai an kai su a mota, da matan da suka yi nisa da iyayensu mata.

A ganin wannan maƙala bayanin Gans ya fi ƙarfi, domin ya ware wanda ya ji daɗi da wanda bai ji ba, maimakon yi wa unguwa duka kuɗin goro. Shan kofi na hantsi a kicin ɗin maƙwabciya, da karɓa-karɓar rainon yara, da aron tsani ko injin yanke ciyawa, ayyuka ne da a da dangi ke yi. Ko littafin raino na likita Benjamin Spock, da ya fito a 1946 ya kuma sayu miliyoyi, ya samu kasuwa ne a hannun uwayen da babu tsohuwa kusa da za su tambaya idan jariri ya ƙi barci. Ba kuma duk matan ne ke zaune a gida ba: zuwa 1960 kusan kashi 30 cikin ɗari na matan aure a ƙasar suna aikin albashi, galibi bayan yara sun shiga makaranta.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Takardun haya da na saye na farko a Levittown sun haramta zama ga duk wanda ba farar fata ba, in ban da masu aikin gida. A 1948 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shelley da Kraemer, ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi. An cire shi daga takarda, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe. Ita kanta hukumar lamunin ta daɗe tana ɗaukar unguwa mai cakuɗar launin fata a matsayin kasada ga bashi.

A watan Agusta na 1957 William Myers, baƙar fata kuma tsohon soja, da matarsa Daisy suka sayi gida a Levittown ta Pennsylvania daga hannun wanda ya riga ya mallaka. Taron jama'a ya yi ta cika ƙofar gidan dare bayan dare, ana jifa da duwatsu, sai da 'yan sandan jiha suka shigo, kotu kuma ta ba da umarnin hana tsangwama. Wasu maƙwabta sun tsaya musu, su ma suka sha barazana. Iyalin sun zauna har 1961. Dokar tarayya da ta haramta wariya wajen sayar da gida ba ta zo ba sai 1968, lokacin da gidajen farko sun riga sun yi daraja a hannun waɗanda aka bari suka saya, suna shirin zama gadon 'ya'yansu.