Yadda Jarida Ta Zo Ƙasar Auduga

A zamanin da, labari bai da hanyar shiga ƙasar Maska da ƙasar Galadima sai biyu. Ta fari ita ce wasiƙar Sarkin Katsina, a rubuta da Larabci, a buga mata hatimi, manzo ya kai wa Sarkin Maska ko Galadima a Malumfashi, sa'an nan sanƙira ya yi shela a kasuwa. Ta biyu kuwa bakin fatake da matafiya. Mutane sun san bambancinsu sarai. Abin da ya zo da hatimi ba a musunsa, abin da aka ji a zango kuwa sai a ce, "Ji-ta-ji-ta ce."

Da aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a 1929, wadda ta ratsa ta Funtuwa, sai al'amari ya sake. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga, baƙi suka cika gari, akawuna da 'yan kamasho da ma'aikatan jirgi daga Kudu, kowa da labarinsa. Maganar da aka yi a Ikko kan iso tasha cikin 'yan kwanaki, ranar kasuwa ta bazu ƙauyuka, ta yi ƙafa ta yi hannu.

Wajen 1938 wata magana ta tashi wadda ta girgiza Arewa, wai Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Hitila, shugaban Jamus. Ba ta da tushe, amma ta shiga zukata. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, sau ɗaya a wata, kuɗinta kwabo guda. Dokta East shi ne shugaban ofishin, editanta kuwa Malam Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina. Mai karatu guda kan zauna a zaure, jama'a su kewaye shi, ya karanta musu tun daga fari har ƙarshe.

To, amma buga magana a takarda ba ya mai da ita gaskiya. Mutanen Amurka sun riga sun ɗanɗana wannan. A birnin New York akwai masu jaridu biyu, Hearst da Pulitzer, suna gasar ciniki, kowa yana neman labari mai tada hankali, ya buga da manyan baƙaƙe. A watan Fabrairu na 1898 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a bakin Havana ta ƙasar Kuba, mutum fiye da 260 suka halaka. Tun ba a yi bincike ba jaridar Hearst ta ɗora wa Sifen laifi, jama'a suka harzuƙa, a watan Afrilu aka shiga yaƙi. Binciken da aka sake yi a 1976 ya nuna mai yiwuwa ne daga cikin jirgin wutar ta tashi. Mai jarida ya ci riba, talakawa suka ba da 'ya'yansu.

Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo ma tana da ubangida, gama Gwamnati ce ta kafa ta, kuma lokacin yaƙin Hitila gefen Ingila ta tsaya. Sanin wannan bai rage mata daraja ba, sai dai ya koya wa mai hankali ya riƙa tambayar wane ne ke magana, me kuma yake so.

Bayan 1950 aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, ta Katsina sunanta Himma, ga kuma Jakadiya mai sauƙin Hausa saboda sababbin masu karatu. Daga baya rediyo ya shigo: BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962. Yau labari ya koma cikin wayar hannu, ta Facebook da WhatsApp, inda ba edita, ba hatimi, kowa sanƙiran kansa ne.

Saboda haka nauyi ya dawo kan wanda ya iya karatu, don shi ne kunnen gidansu. Malaman hadisi tun tuni suka shimfiɗa hanya: ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da halin kowannensu. Manomin auduga ma ya san wannan, gama ba ya sallama kayansa sai ya ga ma'auni da idonsa. Haka ya kamata a yi wa labari, a tambayi mafarinsa, a duba ranarsa, a gwada shi da na wani wuri, kafin a kai shi gaba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma kafin furen ya kaɗe takan raba zumunci, takan ƙone gari. Allah ya sa a gane, amin.