Ƙananan Harsunan Songai ta Arewa da Makomar Harshen Agadas

1.0 Gabatarwa

Wanda ya shiga kasuwar Tamanraset a kudancin Aljeriya zai ji Larabci da Buzanci da Hausa. Hanyoyin fatake da suka haɗa waɗannan harsuna su ne suka raya wani ƙaramin rukuni da masana ke kira Songai ta Arewa. Wannan maƙala za ta duba tarihinsa a taƙaice.

2.0 Harsunan Rukunin

Robert Nicolaï, masanin harshe Bafaranshe, ya fayyace wannan rukuni a nazarinsa na 1981. Rukunin ya ƙunshi Tasawak na Ingal da Tagdal a Nijar, da Tadaksahak na yankin Menaka a Mali, da Koranje na Tabelbala a Aljeriya. Abin da ya haɗa su shi ne, ginshiƙin nahawu da kalmomin yau da kullum na Songai ne, amma ɗimbin sauran kalmomi an aro su daga harsunan dangin Buzanci.

3.0 Harshen Agadas

Na biyar shi ne Emgedeshi, harshen mutanen Agadas, garin da Askiya Muhammadu ya ci da yaƙi wajen 1515. Heinrich Barth ya isa Agadas a 1850, ya tarar ana magana da shi, ya rubuta kalmomi da jimloli. Daga baya Hausa, harshen ciniki, ta mamaye garin har Emgedeshi ya ɓace. Shi kuwa Buzancin Ahaggar ya yi sa'a, domin Charles de Foucauld ya zauna a Tamanraset daga 1905 zuwa 1916, ya bar ƙamus mai juzu'i 4.

Irin wannan ta faru a Birazil. A 1968 Loukotka ya haɗa harshen Shukuru da wasu maƙwabtansa a dangi ɗaya, bisa jerin kalmomi 'yan kaɗan, bayan masu harshen sun koma Fotugisanci. Idan hujja ta yi ƙaranci haka, tabbatar da dangantaka yakan yi wuya.

4.0 Kammalawa

Mun saba kukan Ingilishi da Faransanci suna danne Hausa, alhali ita ma Hausa ta haɗiye wasu harsuna. Saboda haka, ya kamata ɗaliban Hausa su himmatu wajen ɗaukar maganar dattawa masu Tasawak da makamantansa tun suna raye.