Daga Ruwan Batir Zuwa Neman Inuwa

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta haramta sayar da fetur a jarka a Jihar Katsina, domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, dokar ta shafi har mai ɗan janareta a shago. Mai sola kuwa, lafiyar batirinsa ce ke yanke masa tsawon hasken dare.

Batirin da aka saba da shi, na dalma da asid, Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a Faransa tun 1859. Kula da shi sananne ne: a duba ruwansa, in ya ja baya a ƙara. Na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, ba ya shan ruwa, shi ya sa wasu ke zaton ba ya buƙatar komai. Alhali zafin Afrilu a rufaffen ɗakin kwano kan tsufar da shi tun lokacinsa bai yi ba. Haka ma barinsa ya ƙare ƙarƙaf ya daɗe babu caji, ko haɗa shi da inbata wadda har yanzu saitinta na batirin dalma ne.