Karta, allura da makamin ƙare dangi: yadda aka koya wa kwamfuta jefa ƙuri'a

A farkon 1946 wani masanin lissafi ɗan asalin Poland mai suna Stanislaw Ulam yana jinya a birnin Los Angeles na Amurka, bayan an yi masa tiyatar gaggawa saboda kumburin ƙwaƙwalwa. Don rage zaman kaɗaici sai ya riƙa buga kartar nan ta mutum ɗaya, irin wadda ake kira Canfield. Da yake mai hali ba ya fasa halinsa, bai daɗe ba ya tambayi kansa: idan aka gauraya karta 52 aka shimfiɗa, sau nawa cikin ɗari wasan zai fita?

Ya ɗauki alƙalami, lissafin ya gagara. Hanyoyin da za a iya jera karta 52 adadi ne mai alƙaluma 68, kuma kowane jeri yana da rassansa. A nan ne wata dabara ta faɗo masa, wadda a wancan zamani take kama da miƙa wuya: a bar neman amsa ta hanyar ƙa'ida, a buga wasan sau ɗari kawai, a ƙirga sau nawa aka ci. Amsar ba za ta zama cikakkiya ba, amma za a san iyakar kuskurenta, kuma a ganina wannan sharaɗi na biyu shi ne gishirin zancen.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 18 Bafaranshen nan Comte de Buffon ya kawo tambayar allura, wadda ya wallafa warwararta a 1777. A ja layuka a ƙasa masu tazara ɗaya, a jefa allura, a duba ko ta hau kan layi. Idan tsawon allurar daidai yake da tazarar, za ta hau layi kusan sau 64 cikin 100, kuma ainihin adadin ya dogara ne da pi, wato abin da ake samu idan aka raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta. Ke nan wanda ya yi haƙurin jefa allura yana ƙirgawa zai iya kimanta pi ba tare da ya zana da'ira ko ɗaya ba.

Sai dai haƙurin da ake bukata ya fi ƙarfin ɗan Adam. Ƙa'idar ita ce: don rage kuskure zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda yake, dole a ninka yawan gwaji sau ɗari. Kowane ƙarin alƙalami ɗaya bayan ɗigo yana cin aiki ninki ɗari. Shi ya sa masana ke ɗaga gira idan aka ambaci Mario Lazzarini ɗan Italiya, wanda a 1901 ya ce ya jefa allura sau 3,408 ya sami 3.1415929, daidai har gurbi shida bayan ɗigo. Jifa dubu uku da ɗoriya ba sa tabbatar da ko gurbi na biyu, kuma da allurar ta ƙara hawa layi sau ɗaya tak da amsarsa ta kauce tun daga gurbi na uku. Da alama malamin ya san inda zai tsaya tun kafin ya soma.

Don haka dabarar ta zauna a matsayin wasan masana. Enrico Fermi ya yi amfani da irinta a Roma cikin shekarun 1930, da ƙaramar na'urar lissafi ta hannu, amma bai wallafa komai a kai ba. Abin da Ulam ya fi magabatansa da shi shi ne lokaci: ya san cewa an kammala ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, na'ura mai kwalaben lantarki kusan 18,000, wadda ba ta gajiya da maimaici.

Kuma ba karta ce damuwarsa ta gaskiya ba. Ulam ya yi aiki a Los Alamos lokacin yaƙi, wurin da aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, ya kuma koma can a 1946. Matsalar da ke gabansu ita ce tafiyar nutron a cikin sinadari irin yuraniyom ko fulutoniyom. Nutron yana tafiya ya ci karo da cibiyar ƙwayar zarra. Ko ya karkata, ko a haɗiye shi, ko ya fasa ta wasu nutron su fito, ko kuma ya fice daga sinadarin gaba ɗaya. An san yiwuwar kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya yi wuya shi ne haɗa su duka a san ko fashewar za ta riƙa ciyar da kanta ko za ta mutu. Ulam ya ga cewa rayuwar nutron guda tamkar hannun karta guda ce: a jefa masa ƙuri'a a kowane karo, a bi shi har ƙarshensa, a sake ɗaukar wani, daga baya a ƙirga.

John von Neumann ya karɓi shawarar hannu bibbiyu. A watan Maris na 1947 ya rubuta wa Robert Richtmyer, shugaban sashen nazari na Los Alamos, wasiƙa mai ɗauke da tsarin lissafin daki-daki. Nicholas Metropolis ne ya raɗa wa hanyar suna Monte Carlo, unguwar gidan cacan nan na Monaco, saboda wani kawun Ulam da ke cin bashi a wurin dangi ya tafi can. Sunan kan sa wasu ɗaukan abin caca ne, alhali hanyar ta fi kama da lissafin mai gidan caca fiye da na ɗan caca, domin shi ba ya dogara da sa'ar dare ɗaya, abin da dubban wasanni za su bayar a jimlace yake kallo.

An gudanar da gwajin farko a kan ENIAC a watannin Afrilu da Mayu na 1948, a Aberdeen ta jihar Maryland inda aka mayar da na'urar. Wadda ta rubuta umarnin da na'urar ta bi ita ce Klara Dan von Neumann, matar John, wadda ba ta yi karatun lissafi mai zurfi ba, kuma shekaru da dama ba a cika ambatonta ba idan ana ba da labarin. Kowane kati mai huji yana ɗauke da halin nutron guda a wani lokaci: inda yake, saurinsa, inda ya nufa. Na'urar ta karanta katin, ta yanke abin da zai same shi, ta huda sabon kati, mutane su tace katunan su sake loda mata. A 1949 Metropolis da Ulam suka bayyana hanyar a fili cikin wata mujallar masana ƙididdiga ta Amurka.

Amma akwai ƙashi a cikin naman. Hanyar tana cin lambobin ƙuri'a masu ɗimbin yawa, waɗanda ba wanda zai iya hasashen mai biyowa, ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai bin umarni. Von Neumann ya ɓullo da wata dabara: a ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a ciro tsakiyar abin da aka samu. Misali 5731 sau 5731 ya ba da 32844361. A ciro 8443 daga tsakiya, a sake ninka ta da kanta, a ci gaba. Lambobin suna fitowa kamar na ƙuri'a, alhali wanda ya san ta farko ya san sauran duka. Shi kansa ya yi raha cewa mai neman ƙuri'a ta hanyar lissafi yana cikin zunubi. Ya zaɓe ta ne don ta fi karanto lambobi daga kati sauri, kuma idan ta lalace, kamar ta faɗa kan sifili ko ta shiga maimaita kanta, lalacewar a bayyane take.

Cibiyar bincike ta RAND da ke California ta bi ɗaya hanyar. A 1947 ta haɗa wata na'urar lantarki mai kwaikwayon faifan caca, ta tara alƙaluma miliyan ɗaya. Da aka auna su sai aka tarar na'urar tana ɗan karkata ga wasu alƙaluma, dole aka sake gauraya su da lissafi kafin a amince da su. A 1955 aka buga su a littafi guda, shafi bayan shafi ba komai sai lambobi, tare da bayanin yadda mai karatu zai zaɓi inda zai fara don kada ya riƙa buɗe shafi ɗaya kullum.