Yadda ake fara ba da gudummawa ga manhajar WordPress

Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a duniya suna aiki ne da manhajar WordPress, wadda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu wajen ginawa da kuma gyarawa.

Manhajar tana cikin rukunin waɗanda ake kira masu sarrafa abubuwan da ake wallafawa, wato waɗanda ke ba mutum damar sanya rubutu da hotuna a shafinsa ba tare da ya iya rubuta manhaja ba. Sauran irinta sun haɗa da Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya fitar a shekarar 2001, da kuma Joomla ta shekarar 2005.

Asalin manhajar

A ranar 27 ga watan Mayun 2003 ne Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila suka fitar da WordPress karo na farko.

Sun ɗora ta ne a kan wata tsohuwar manhaja mai suna b2/cafelog, wadda mai ita, Michel Valdrighi, ya daina sabuntawa.

Abin da ya ba su wannan dama shi ne lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a shekarar 1989. Lasisin ya yarda kowa ya karanta tushen manhaja, ya canza shi, ya kuma rarraba shi, da sharaɗin cewa duk wanda ya rarraba gyararren tushen zai bai wa na bayansa irin wannan 'yanci.

Har yanzu WordPress tana ƙarƙashin wannan lasisi, kuma shi ya sa ƙofar aiki a kanta take buɗe ga kowa.

Wane ne zai iya shiga?

Mutane da dama suna zaton sai wanda ya ƙware a harshen PHP ko JavaScript, waɗanda da su aka rubuta manhajar, zai iya taimakawa.

To amma an raba aikin ne ƙungiya-ƙungiya, kuma yawancinsu ba sa buƙatar wannan ilimi. Akwai masu fassara, da masu rubuta littafin jagora, da masu amsa tambayoyin waɗanda suka gamu da matsala, da masu zane, da masu gwaji, da kuma masu tabbatar da cewa makafi da sauran masu buƙata ta musamman za su iya amfani da manhajar.

Matakin farko shi ne buɗe asusu a WordPress.org, wanda kyauta ne. Da wannan asusu guda ake shiga yawancin sassan aikin, kuma a cikinsa ake adana tarihin gudummawar da mutum ya bayar.

Kowace ƙungiya tana da littafin ƙa'idojinta, kuma da yawa daga cikinsu suna gudanar da taruka a rubuce ta manhajar Slack. Ya fi dacewa sabon shiga ya karanta littafin, ya kuma halarci taro ɗaya ko biyu yana saurare, kafin ya ɗauki wani aiki.

Fassara

Ga mai jin harsuna biyu, fassara ce hanya mafi sauƙi ta farawa, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka buɗe wa gurbi.

Mai fassara yana zaɓar jimla daga cikin saƙonnin da manhajar ke nunawa, ya rubuta ma'anarta, ya aika. Daga nan fassarar za ta zauna cikin jira har sai wani editan harshen ya duba ta, ya amince ko ya ƙi.

Akwai abubuwa biyu da suka fi jawo a ƙi fassara. Na farko shi ne taɓa alamomi irin su %s, waɗanda gurbi ne da manhajar ke cikewa da suna ko lamba. Idan aka share su ko aka canza su, saƙon zai lalace.

Na biyu kuma shi ne saɓa wa kalmomin da masu fassara suka riga suka tsayar. Idan wannan ya rubuta “wallafa” wancan kuma ya rubuta “buga” a kan maɓalli iri ɗaya, mai amfani da manhajar ne zai rikice.

Gyaran tushen manhaja

Ana tattara rahotannin kurakuran da ke cikin ainihin manhajar ne a wani tsari mai suna Trac, inda kowace matsala ke da tikitinta da lambarta. Shi kuwa editan rubutu na Gutenberg, wanda aka shigar cikin WordPress 5.0 a watan Disambar 2018, a GitHub ake gina shi.

A wuraren biyu akan yi wa wasu matsaloli alamar cewa sun dace da masu koyo.

Mai son gyara yana girka manhajar a kwamfutarsa, ya tabbatar da cewa matsalar tana faruwa kamar yadda aka bayyana, sa'an nan ya rubuta ɗan gyaran da ake kira faci, ya miƙa shi.

Sai dai kuma ba shi da ikon shigar da facin da kansa. Wasu mutane ƙalilan da suka daɗe a aikin ne ke da wannan iko, kuma sukan nemi a sake gyara kafin su karɓa.

Dalilin wannan tsauri shi ne miliyoyin shafuka sun dogara da manhajar, saboda haka ƙaramin canji zai iya karya shafin da aka gina shekaru goma da suka wuce. Wannan ne ya sa wasu tikitocin kan shafe watanni, wasu ma shekaru, kafin a rufe su.

Gwada facin wani, a kuma rubuta abin da aka gani dalla-dalla, shi ma gudummawa ce da ake lissafawa.

Idan kuwa kuskuren da aka gano ya shafi tsaro ne, ƙa'ida ita ce kada a bayyana shi a fili. Ana kai rahotonsa ne a asirce ta HackerOne, domin a toshe kafar kafin masu kutse su sani.

Mene ne ribar?

Yawancin masu ba da gudummawa ba a biyansu, ko da yake wasu kamfanoni suna ɗaukar nauyin ma'aikatansu su yi aikin. A shekarar 2014 Mista Mullenweg ya yi kira ga kamfanonin da ke cin moriyar manhajar da su ware mata kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinsu.

Batun wanda ke bayarwa da wanda ke ci kawai ya haddasa rikici a shekarar 2024 tsakaninsa da kamfanin WP Engine, lamarin da ya kai su gaban kotu a Amurka, ya kuma tayar da muhawara kan wanda ke da iko da aikin.

Duk da haka, a duk lokacin da aka fitar da babban sabon zubi, akan jera sunayen waɗanda suka sa hannu a cikinsa, kuma masu neman aiki sukan nuna wannan a matsayin shaidar ƙwarewa.

Haka kuma akwai tarukan WordCamp, waɗanda aka fara a birnin San Francisco a shekarar 2006, aka kuma gudanar da irinsu a Legas. A da yawa daga cikin tarukan akan ware rana guda inda tsofaffin hannu ke zama da sababbi, su taimaka musu su miƙa fassararsu ko facinsu na farko.