Wa Ke Riƙe Da Littafin Lissafi? Tarihin 'Yan Ƙodagon Meksiko A Gonakin Amurka

Yau za mu leƙa tarihin wani shiri da ya kwashe shekara 22 yana kai ma'aikatan wucin gadi daga Meksiko zuwa gonakin Amurka. Abin da za mu fi sa wa ido shi ne takardun da gwamnati ta wajabta wa masu gona su riƙa cikewa a kan waɗannan baƙi: me aka ce su rubuta, wa ke dubawa, kuma wa ya ji jiki lokacin da rubutun ya ɓace.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen 1941, matasa suka tafi fagen daga, wasu kuma suka koma masana'antun makamai inda albashi ya fi tsoka. Manyan manoma, musamman na jihar Kalifoniya, suka yi ta kukan cewa amfanin gona zai ruɓe a fili. Ranar 4 ga Agusta, 1942, ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar da aka fi sani da shirin Bracero. Kalmar ta Sifaniyanci ce, tushenta "hannu", wato mai ci da ƙarfin damtsensa. Kafin watan Satumba ya ƙare, ayarin farko ya sauka a garin Stockton don tonon wata saiwa da ake yin sukari da ita.

Meksiko ba ta saki 'ya'yanta haka kawai ba. Ta sa an rubuta cewa za a biya aƙalla santi 30 a kowace awa, a ba da masauki, a ɗauki nauyin tafiya da dawowa, kuma ba za a nuna musu wariya ba. Saboda wannan sharaɗi na ƙarshe ne ta hana kai ma'aikata jihar Teksas har zuwa 1947. A farkon lamarin ma gwamnatin Amurka ce uwar gidan ma'aikaci a takarda, mai gona kuwa aro yake yi daga hannunta. Ke nan dole ya riƙa sanar da ita wanda ya yi aiki, da awoyin da ya yi, da abin da aka biya shi.

Littafi na farko da ya kamata mu buɗe shi ne na ajiya. Yarjejeniyar ta ce a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na ladan kowane ma'aikaci a ajiye masa, ya karɓa idan ya koma gida. Hikimar ita ce mutum ya koma da ɗan jari, kuma kuɗin su zama igiyar da za ta ja shi ya koma. Kuɗin sukan taso daga mai gona zuwa hukumar Amurka, su bi ta bankin Wells Fargo, su shiga bankunan gwamnatin Meksiko. Hannu huɗu ke nan, kowanne da littafinsa. Wanda kawai ba shi da littafi shi ne mai guminsa. Da yawa daga cikinsu ba su iya karatu ba, wasu ma ba su san ana cire musu komai ba. Dubbai suka koma ƙauyukansu, suka tsufa, suka mutu, ba su ga ko sisi ba.

Sai a 2001 tsofaffin da suka rage suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke San Francisco. A 2005 gwamnatin Meksiko ta ware asusu don biyan kowannensu peso 38,000, sannan a 2008 aka yi sulhu cewa waɗanda suka yi aiki tsakanin 1942 da 1946 kuma suke zaune a Amurka su ma za su karɓi kimanin dala 3,500. Amma fa sai mutum ya kawo shaida: takardar kwangila, ko takardar albashi, ko katin shaidarsa na wancan zamani. A duba wannan al'amari da kyau. Hukumomin da aka ɗora wa alhakin adana lissafi sun kasa fito da shi cikakke, sai aka juyo kan tsoho ɗan shekara tamanin aka ce ya nemo 'yar takardar da aka miƙa masa shekara sittin da suka wuce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Littafi na biyu shi ne na awoyi da albashi. A 1951, ana cikin yaƙin Koriya, majalisar dokokin Amurka ta yi doka mai lamba 78, wadda ta miƙa ragamar shirin ga Ma'aikatar Ƙwadago. Kafin a ba mai gona baƙi, sai ma'aikatar ta tabbatar cewa babu 'yan ƙasa da za su yi aikin, kuma zuwan baƙin ba zai karya albashin yankin ba. An wajabta wa mai gona ya adana lissafin awoyi da na lada, ya ba ma'aikaci bayanin abin da ya samu da abin da aka cire, kuma ya samar masa aiki na aƙalla kashi uku cikin huɗu na kwanakin kwangila. A takarda dai babu abin kushewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk bayanan nan daga bakin mai gona suke fitowa. Ƙungiyoyin manoma kan zauna kafin kaka su tsayar da ladan da za su biya, sai hukuma ta karɓa ta kira shi ladan da aka saba biya a yankin. Idan 'yan ƙasa suka ƙi aiki a kan wannan farashi, sai a rubuta cewa akwai ƙarancin ma'aikata, a kawo ƙarin baƙi. Jami'an sa ido kuwa 'yan ƙalilan ne, alhali a 1956 kaɗai an ba da kwangila wajen 445,000. An bai wa kura ajiyar nama, aka kuma ce ita za ta riƙa kawo rahoton nauyinsa.

Wanda ya tona wannan asiri shi ne Ernesto Galarza, haifaffen Meksiko da ya tashi a Kalifoniya, ya yi digirin digirgir a jami'ar Columbia, ya kuma shiga harkar ƙungiyar 'yan ƙodagon gona. Hanyar da ya bi mai sauƙi ce. Ya zagaya sansanonin ma'aikata, ya zauna da su, ya karɓi takardun albashinsu, ya gwada su da abin da kwangila ta ce. Ya tarar ana rage awoyi, ana cire kuɗin abinci har dala 1.75 a kullum ko da ranar ba a yi aiki ba, ana ƙara wasu cire-ciren da babu su a yarjejeniya. Wani zai yi mako guda a sunkuye da fartanya mai gajeriyar ƙota, abin da zai rage masa bai taka kara ya karya ba. Ya wallafa sakamakon a 1956 cikin ɗan littafinsa Strangers in Our Fields, manyan manoma suka yi masa ca. Me ya hana ma'aikatan kai ƙara? Kwangila ta ɗaure kowa ga ubangida ɗaya, mai yawan ƙorafi kuwa a mayar da shi gida, baɗi kuma a ƙi ɗaukarsa.

Littafi na uku shi ne na sunaye. Ranar 17 ga Satumba, 1963, jirgin ƙasa na ɗaukar kaya ya murƙushe wata babbar mota da aka mayar ta jigilar ma'aikata kusa da garin Chualar a kwarin Salinas. Mutum 32 suka rasu. Da aka zo tantance gawarwaki sai aiki ya cije, domin a wurin aiki an fi sanin mutanen da lamba a kan suna, har sai da aka koma ga zanen yatsu. Wani kwamitin majalisa ya tura Galarza ya yi bincike. Hatsarin ya ƙara wa masu adawa da shirin ƙarfi, wato ƙungiyoyin ƙwadago da na addini. Majalisa ta ƙara masa wa'adin shekara ɗaya tak, ya mutu ranar 31 ga Disamba, 1964, bayan an rattaba hannu a kan kwangila kusan miliyan 4.6.

Shirin ya mutu, amma ya bar magaji. Dokar shige da fice ta 1986 ta fito da bizar H-2A ta ma'aikatan gona na wucin gadi, ta kuma wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata cike takardar I-9 don tabbatar da cewa wanda ya ɗauka yana da izinin aiki. A 2023 an ba da irin wannan biza sama da 300,000, mafi yawa ga 'yan Meksiko. Ana iya ganin tabon tarihi a cikin ƙa'idojinta: mai gona zai ba ma'aikaci rubutaccen bayani a duk ranar biya, da awoyin da aka ba shi, da waɗanda ya yi, da duk abin da aka cire, kuma zai adana lissafin har shekara uku.

Sai dai mu lura da wani bambanci. Idan ma'aikaci ya daina zuwa aiki kwana biyar a jere, mai gona na da kwanakin aiki biyu kacal ya sanar da hukuma, kuma wannan sanarwa kan sauke masa nauyin kuɗin komawar mutumin gida da na cikon kwanakin da aka yi masa alkawari. Lissafin albashi kuwa yana zaune a ofishin mai gona, sai ranar da mai bincike ya zo ya nema. Labarin tafiyar baƙo na isa ga gwamnati cikin gaggawa, labarin haƙƙinsa kuma sai an je an tono shi.

Don haka idan muka ji an ce wata ƙasa ta tsaurara wa masu ɗaukar baƙin ma'aikata wajen kai rahoto, kada mu yi saurin tafi. Mu tambaya: wa ke rubutawa, wa ke gwada rubutun da abin da ya faru a gona, kuma ko an bai wa ma'aikacin kwafinsa cikin harshen da yake ji? Duk mai ɗan uwa da ke shirin tafiya aiki wata ƙasa a kan kwangila, ya gaya masa ya adana kowace takarda da aka miƙa masa, komai ƙanƙantarta. Tsofaffin Meksiko da suka karɓi wani abu daga haƙƙinsu, waɗanda suka yi hakan ne.