Sunan Allo da Sunan Baki

Idan muka hau mota daga Rigachikun zuwa cikin Kaduna, tarihi muke ratsawa. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kowane zamani da sunayen da yake liƙa wa garin.

Filin sukuwa ya koma Dandalin Murtala, don tunawa da shugaban da aka kashe a 1976. Babbar kasuwa ta ɗauki sunan Sheikh Abubakar Gumi. Lambun bakin kogi kuwa, hukuma ta raɗa masa Hassan Usman Katsina, amma har gobe Gamji muke cewa.

Hukuma ke rubuta allo, bakin jama'a ke riƙe suna. Unguwanninmu na ta faɗaɗa. Wane suna za mu bar wa jikoki?